Jagora ga Ƙananan Hukumomi: Daga Ina Za a Fara Gyaran Shara, Wuta da Sufuri?

Duk wanda aka ɗora wa alhakin wata ƙaramar hukuma, shugaba ne ko kansila ko daraktan sashen ayyuka, abin da kan fara faɗo masa a rai shi ne sayayya: motocin kwashe shara, fitilun kan titi masu aiki da hasken rana, ko sababbin motocin bas da za a jera a fili a ɗauki hoto ranar ƙaddamarwa. Ba laifi ba ne shugaba ya so a ga aikinsa da ido, amma sau da yawa bayan shekara biyu ko uku sai a tarar motocin suna jibge a bayan sakatariya babu tayoyi, fitilun sun mutu ɗaya bayan ɗaya, shara kuma ta koma inda take. A ganina, babban abin da ke kashe irin waɗannan ayyuka shi ne ana fara su daga inda ya kamata a ƙare. Wannan jagora ta bi matakan ne bisa jerin da ya fi dacewa a bi su, kuma ta fi daɗewa a kan shara, domin ita ce aikin da kusan ko'ina a duniya doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma kai tsaye, ita ce kuma wadda jama'a suke auna hukuma da ita kowace safiya.

Mataki na farko: a san iyakar iko, a ƙirga abin da ke hannu

Kafin a kashe ko sisi, a zauna da lauyan hukuma a karanta dokar da ta kafa ta, a ware abin da yake nata da abin da yake na gwamnatin da ke samanta. A mafi yawan ƙasashe manyan hanyoyi da layukan wutar lantarki ba sa hannun ƙaramar hukuma, amma titunan cikin unguwa, magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota da fitilun titi suna hannunta. Shugaban da ya yi alkawarin abin da ba shi da iko a kansa ya ɗauko wa kansa bashin da ba zai iya biya ba.

Daga nan sai a buɗe rajistar kadarori. A rubuta kowace mota, kowane janareta, kowace rijiyar burtsatse, kowace sandar fitila, tare da shekarar da aka saye ta, da halin da take ciki, da sunan ma'aikacin da ke kula da ita. Aiki ne mai gundura, ba ya kuma jawo tafi, amma yakan tona abubuwan mamaki, kamar motar da aka yi watsi da ita saboda ƙaramin gyara alhali ana shirin sayo sabuwa, ko mitar wuta da ake biyan kuɗinta a ginin da aka daina amfani da shi.

Mataki na biyu: a auna sharar kafin a nemi maganinta

Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa duniya tana fitar da tan biliyan 2.01 na sharar gidaje da garuruwa a shekara, kuma aƙalla kashi 33 cikin ɗari ba a sarrafa ta ta hanyar da ba za ta cutar da muhalli ba. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kashi 48 kawai ake kwashewa a birane, a karkara kuma kashi 26, duk da cewa shara tana cin kimanin kashi 20 na kasafin kuɗin hukumomin garuruwansu. Waɗannan alƙaluma suna nuna girman matsalar, amma ba za su gaya wa kowace hukuma abin da ke cikin kwandon sharar mutanenta ba, kuma wannan shi ne abin da take buƙatar sani.

Yadda ake aunawa ba shi da wuya. A zaɓi gidaje daga unguwanni daban-daban, na masu hali da na talakawa, a haɗa da wasu shaguna da rumfunan kasuwa, a ba kowa buhu, a riƙa karɓa kullum har kwana takwas. Sharar ranar farko a zubar da ita ba tare da an lissafa ba, domin mutane sukan yi amfani da damar su fitar da tarkacen da suka daɗe da tarawa. Sauran kwana bakwan kuwa a ɗora kowane buhu a sikeli, sannan a zazzage a kan tamfol a ware: ragowar abinci da ganye, leda da roba, takarda da kwali, ƙarfe da gwangwani, kwalba, tsumma, toka da ƙasa. Idan da hali a maimaita aikin sau biyu, da rani da damina, saboda nauyin shara da danshinta suna canzawa da yanayi.

Da wannan lissafi ake sanin yawan motocin da ake buƙata. A ɗauka gari yana da mutum 100,000, kowane mutum yana fitar da rabin kilo a rana, ke nan tan 50 kullum. Idan mota ɗaya tana ɗaukar tan 5 kuma tana sawu biyu a rana, mota biyar ake buƙata, da ta shida a ajiye saboda ranar da wata za ta shiga gareji. Idan kuma juji ya yi nisa har sawu ɗaya kawai mota ke iya yi, to gina wurin tara shara na wucin gadi a tsakiya, inda ƙananan amalanke za su riƙa kawowa babbar mota ta kwashe, ya fi sayen ƙarin motoci biyar sauƙi.

Awon yana kuma kare hukuma daga 'yan kwangilar da ke yawo da hotunan injin ƙona shara mai samar da wutar lantarki. A ƙasashe masu tasowa fiye da rabin shara ragowar abinci ce da ganye, wato jiƙaƙƙiya ce, kuma jiƙaƙƙen abu ba ya ci da wuta sai an zuba masa mai. A 1987 an gina irin wannan masana'anta a Timarpur da ke birnin Delhi na Indiya, amma 'yan makonni kawai ta yi tana aiki aka rufe ta, domin sharar birnin ba ta da ƙarfin ƙonuwar da injin yake buƙata.

Mataki na uku: a yi aiki da waɗanda suke yin aikin tun da

Babu garin da ba shi da masu kwashe shara da amalanke da masu tsintar roba da ƙarfe a bola, ko hukuma ta san da su ko ba ta sani ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauke su a matsayin matsala, a kore su, a miƙa komai ga babban kamfani. Birnin Alƙahira ya gwada haka a 2003 lokacin da ya ba kamfanonin waje kwangila, alhali masu kwashe shara na gargajiya, waɗanda ake kira Zabbalin, an ƙiyasta suna sake sarrafa kusan kashi 80 na abin da suka kwasa, adadin da kamfanonin ba su ko kusanta ba. Birnin Pune na Indiya ya bi wata hanyar: tun daga 2008 ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar haɗin gwiwa ta masu tsintar shara, mafi yawansu mata, suna bi gida-gida suna karɓar shara, kowane gida yana biyansu ɗan abin da aka yanka a wata, abin da suka tsinta mai amfani kuma su sayar da kansu.

Don haka a yi musu rajista, a ba su katin shaida, safar hannu da takalmin roba, a yanka wa kowane rukuni unguwarsa, a kuma ware musu fili mai rufi inda za su riƙa tantance kaya. Ranar kwashe shara da lokacinta su zama sanannu, kuma kada a saɓa. Mutanen da suka tabbata amalanke zai zo ranar da aka ce zai zo ba sa zuba shara a kwata, waɗanda aka yaudara sau biyu kuwa ba za su sake jira ba, ko da an kafa allon gargaɗi a kowace kusurwa. Shi ya sa nake ganin kada a fara cin tarar kowa sai bayan sabis ɗin ya tsaya da ƙafarsa na wasu watanni.

Wajen rarraba shara a gida, a fara da kashi biyu kacal, mai ruɓewa da marar ruɓewa. Ana yawan kafa misali da ƙauyen Kamikatsu na Japan, wanda ya yi shelar kawar da shara gaba ɗaya a 2003 kuma mazaunansa suke ware ta fiye da kashi 40, amma wannan ƙauye ne da mutanensa ba su kai 2,000 ba, kuma ya ɗauki shekaru kafin ya kai nan. Abin da ya fi sauƙin koyi shi ne ba mutane dalilin da za su ware. Birnin Kuritiba na Birazil tun 1991 yake musanya wa mazauna unguwannin talakawa kilo huɗu na sharar da za a iya sake sarrafawa da kilo ɗaya na kayan lambu. Koriya ta Kudu kuwa ta bi ta aljihu: tun 1995 ba a karɓar shara sai a cikin ledar hukuma da ake saye, saboda haka wanda ya fi zubarwa shi ya fi biya, kayan da aka ware don sake sarrafawa kuma ana karɓarsu kyauta.

Mataki na huɗu: taki da juji

Sharar mai ruɓewa ita ce mai wari, ita ke tara ƙuda da ɓeraye, ita ce kuma idan aka binne ta ba iska take fitar da iskar methen, mai kama wuta kuma mai ɗumama duniya. Mayar da ita taki ba ya buƙatar inji. A sami fili mai daɓe da ɗan gangare, a jera sharar kunya-kunya, tsayin kowace ya kai kamar mita ɗaya da rabi, ana gauraya ɗanyen abu da busasshe irin su ganye da ɗiɗɗigar katako. Danshinta ya zama kamar na tsumman da aka matse, kuma a riƙa juya ta duk mako domin iska ta shiga. Idan an yi daidai, zafin cikinta yakan haura digiri 55, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa, kuma cikin wata biyu zuwa uku takin ya nuna. A fara da sharar kasuwar kayan gwari da ta mahauta, domin tana zuwa da yawa a wuri ɗaya kuma ba ta cika gauraya da leda ba. Tun kafin a fara, a san wanda zai saya, manoma ne ko masu lambu ko sashen shuke-shuke na hukumar kanta, don kada takin ma ya zama wani sabon juji.

Abin da ya rage dole ya tafi juji, kuma juji ba wurin da za a zuba a juya baya ba ne. A watan Maris na 2017 tulin shara ya zaftare a jujin Koshe da ke Adis Ababa, ya binne gidajen da ke gindinsa, mutane sama da 100 suka rasu. Ko hukumar da ba ta da kuɗin gina juji na zamani tana iya yin abubuwa kaɗan da za su rage haɗari ƙwarai: ta kewaye wurin da shinge, ta sa mai gadi da littafin rubuta kowace motar da ta shiga, ta riƙa zubawa a ɓangare ɗaya ana dannewa ana rufewa da ƙasa mai kaurin kamar santimita 15, ta hana ƙonawa, ta kuma haƙa magudana a kewaye don kada ruwan sama ya ratsa sharar ya gangara rijiyoyi. Sharar asibiti, musamman allurai, ba ta da hurumi a wannan wuri, a ware mata nata tsarin tare da jami'an lafiya.

Mataki na biyar: wuta, a fara da rage ɓarna

Ƙaramar hukuma ba ta cika samar da lantarki ba, amma tana cikin manyan masu shan sa. A tattara takardun kuɗin wuta da na man janareta na shekara guda, a ga inda kuɗin yake tafiya. Galibi fitilun titi da famfunan tura ruwa ne a kan gaba. Birnin Los Angeles na Amurka ya fara sauya fitilun titi 140,000 zuwa na LED, masu ƙarancin shan wuta, a 2009, kuma wutar da suke sha ta ragu da fiye da kashi 60, abin da aka rage ɗin ne kuma ya biya kuɗin aikin.

Inda wutar gwamnati ba ta tsayawa, sola ce mafita, amma a nan ne aka fi yin aikin baban giwa. Farantin sola yana iya shekara 20 zuwa 25, batir kuwa, musamman mai dalma, cikin shekaru kaɗan yake mutuwa, kuma zafi yana ƙara gajarta ransa. Duk fitilar solar da aka kafa ba tare da an rubuta a kasafi shekarar da za a sauya batirinta da wanda zai riƙa goge ƙurar farantinta ba, an riga an sa mata ranar mutuwa. Saboda haka a sa sharaɗin kulawa na shekaru a cikin kwangilar, a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai wa'adin ya cika, a kuma horar da matasan yankin su iya gyara. Wajen fifiko, ni zan sa asibitin unguwa a gaba, domin alluran rigakafi suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, ɗakin haihuwa kuma yana buƙatar haske da dare. Sai famfon ruwa, wanda ke da wata fa'ida ta musamman: idan aka haɗa shi da tanki a sama, ba ya buƙatar batir ko kaɗan, yana tura ruwa da rana, ruwan ya sauko da kansa da dare. Fitilun titi su biyo baya, a fara da tasha, kasuwa da mahaɗar hanyoyi.

Akwai kuma abin da hukuma za ta iya yi da alƙalami kawai, wato dokar gini. Basalona ta ƙasar Sifen tun 2000 ta wajabta wa manyan sababbin gine-gine su ɗumama kashi 60 na ruwan zafinsu da hasken rana. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan tsananin zafin 2010 da ya hallaka mutane da dama, ya fito da shirin tunkarar zafi a 2013, daga baya ya haɗa da shafa wa rufin gidaje farin fenti don rage zafin ɗaki.

Mataki na shida: sufuri, daga mai tafiya a ƙasa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 1.19 suke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda za a fara. A karɓi bayanan haɗurra daga 'yan sanda da asibitoci, a sa alama a taswira, za a ga wurare ƙalilan ne suke cin mafi yawan rayuka. A waɗannan wurare, da gaban makarantu da kasuwanni, a rage gudu zuwa kilomita 30 a awa, kuma a yi hakan da tudun rage gudu da matse faɗin titi, domin allo kaɗai ba ya tsayar da direba. A gyara gefen titi na masu tafiya a ƙasa, a rufe kwatocin da ke buɗe, a sama wa masu kasa kaya wuri na dindindin kafin a tashe su.

Bayan haka sai a zana taswirar sufurin da ake da shi. A Nairobi ɗaliban jami'a sun shiga ƙananan motocin haya da wayoyinsu suna bin kowane layi, kuma a 2014 birnin ya sami cikakkiyar taswirar layukan da ya daɗe yana bi ba tare da ya taɓa ganinsu a takarda ba. Da irin wannan taswira ake gane inda fasinja ya fi yawa, inda ya kamata a kafa wurin tsayawa mai rumfa, da unguwar da babu motar da ke zuwa.

Keɓe wa bas hanyarta ita kaɗai dabara ce da Kuritiba ta fara a 1974 a zamanin magajin gari Jaime Lerner, Bogota ta Kolombiya ta faɗaɗa ta a 2000, Legas ta ɗauka a 2008, Darussalam ta Tanzaniya kuma a 2016. Aiki ne na manyan birane, ya fi ƙarfin yawancin ƙananan hukumomi, amma akwai darasi ɗaya a cikinsa da ya shafi kowa. Lokacin da Johannesburg ta buɗe nata layin a 2009, sai da ta zauna doguwar tattaunawa da masu motocin haya, har waɗanda layin ya shafa suka zama masu hannun jari a kamfanin da ke tafiyar da bas ɗin. Duk wani gyaran tasha ko sauya layi da aka yi a bayan idon ƙungiyar direbobi kitso ne da ƙwarƙwata, ko ba daɗe ko ba jima sai an tsefe shi.

Mataki na bakwai: a ba jama'a wuƙa da nama a wani ɓangare na kasafi

Taron da ake tara mutane a karanta musu abin da aka riga aka yanke ba shawara ba ce. Birnin Porto Alegre na Birazil ya fara wani tsari a 1989, inda mazauna kowace unguwa suke haɗuwa su jera buƙatunsu, su zaɓi wakilai, kuma abin da suka fifita shi ke shiga kasafin ayyuka. Tsarin ya bazu zuwa dubban garuruwa, har Faris ta ɗauke shi a 2014 da kashi 5 na kasafin ayyukanta. Hukumar da za ta gwada ta fara da ƙaramin kaso, ta sanar da adadin kuɗin kowace mazaɓa tun kafin taro don kada a yi ta gina gidan sama a iska, injiniya ya kasance a wurin yana faɗin abin da kowane aiki zai ci. A sa lokacin taro da wurinsa yadda mata da masu buƙata ta musamman za su iya halarta, domin su ne suka fi sanin lungun da ba shi da haske da famfon da ya ƙafe.

Ayyukan da mutane kan zaɓa galibi ƙanana ne: banɗakin jama'a, filin wasan yara, kwalbati, inuwa. Idan bishiyoyi ne, a tuna cewa dasawa ita ce mafi sauƙi. Freetown ta Saliyo, wadda a 2020 ta sa burin dasa bishiya miliyan ɗaya, tana biyan mazauna unguwanni ne don su kula da kowace bishiya, suna ɗaukar hotonta da waya lokaci-lokaci a tabbatar tana raye.

Mataki na takwas: a rubuta, a liƙa, a mayar da shi doka

A zaɓi ma'auni kaɗan da kowa zai fahimta, kamar yawan gidajen da aka kwashe wa shara a ranar da aka yi alkawari, yawan fitilun da ke kamawa cikin waɗanda aka kafa, da kwanakin da ake ɗauka kafin a gyara abin da aka kai ƙorafinsa. A liƙa su duk wata uku a allon sakatariya, a karanta a rediyo, ko da alƙaluman ba su yi daɗi ba. A buɗe lambar waya ɗaya ta ƙorafi, kowane ƙorafi a ba shi lamba da kwanan wata. Kuɗin shara da na tasha a riƙa karɓarsu da rasit ko ta waya, su shiga asusu na musamman wanda ba a taɓa shi sai don mai, gyara da albashin masu aikin.

Tunda wa'adin zaɓaɓɓu gajere ne, jadawalin kwashe shara, yarjejeniyar masu amalanke, asusun gyara da kason kasafin unguwanni duk a kai su gaban majalisar kansiloli su zama dokar hukuma. Rajistar kadarorin da aka buɗe a matakin farko kuma a ajiye kwafinta a wurin sakatare da ma'aji da mai binciken kuɗi, a sabunta ta duk ƙarshen shekara, a sa ta cikin takardun da za a miƙa wa shugaba mai zuwa ranar da zai karɓi ofis.